Baƙuwar da Ba Ta Ce Na Gode Ba

Ranar Laraba, goma sha takwas ga watan Satumba, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah Ya karɓi abinSa. Licenciada Fulgencia Ortellado, babbar nas ta sashen yara masu sankara a asibitinmu na nan Asunción, babban birnin ƙasarmu, ta rasu tana da shekara hamsin da takwas. Ba ta yi jinya ba. Ba ta kwanta ba. Ko ciwon kai ba ta ambata wa kowa ba. Ta fito daga ɗaki na uku riƙe da takardun wani yaro, ta tsaya tana yi wa mai shara faɗa a kan ruwan da ya bari a hanya, sai ta dafa bango, ta zauna a ƙasa kamar mai neman hutawa. Likitoci huɗu suka shafe minti arba'in a kanta. Daga baya suka ce zuciya ce.

Ña Fulge, kamar yadda duk muke kiranki, da ke nake magana, domin har yau bakina ya ƙi yarda ya ce marigayiya.

Ina can ƙuryar sashe, a ɗakin da muke kira makaranta, ina koya wa yara shida sunayen koguna, sai nas Zunilda ta leƙo ta ce, "Farfesa, Licenciada ta faɗi." Ni kuwa, bisa mummunar ɗabi'ar nan da kika yi shekara da shekaru kina ƙoƙarin raba ni da ita, na miƙe na dafa ƙirji na ce, "To a isar da jajenmu ga ƙasa, domin ita ce ta ji jiki." Yara suka fashe da dariya. Zunilda ba ta yi ba. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi a kanki kina da rai, in ma kina da shi a lokacin, kuma zan ɗauke ta har nawa kabarin.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Crispín Ovelar, malamin yaran da ke kwance a sashen, wanda kika naɗa wa sarautar Farfesa ba da sanin kowace jami'a ba. Aikina na biyu, wanda ya fi na farko suna, ke kika ƙirƙiro shi. Duk yaron da magani ya fara kakkaɓe wa gashi, da kanki kike zuwa da injin aski ki kwashe sauran, a naɗe a takarda, a binne a tukunyar furen da ke bakin taga, ni kuma in gyara wuyan riga in yi wa mamacin jawabin ban kwana. "Ya ku jama'a masu alfarma, yau mun yi rashin gashi mai ladabi da biyayya, wanda bai taɓa yi wa mataji gardama ba sai ranar Litinin da safe." Yaron da ya tashi da niyyar kuka sai ya ƙare da riƙe ciki. Na yi wa gashi fiye da ɗari biyu ta'aziyya, da fanka guda, da wani kifi da ya mutu a kwalba. Duk manyan kalmomin da na tara a rayuwata, alhini da juyayi da babban rashi da giɓin da ba ya cikuwa, a kan gashi na ɓarnatar da su. Yau da nake buƙatarsu na juya na tarar duk sun zama kayan wasa.

Saboda haka zan faɗi abin da na gani kawai.

Shekara ashirin da shida kika yi a sashen nan. Kina da ikon duba yaro ki rubuta masa magani ba sai kin jira likita ba, kuma ba mu taɓa ganin kin yi wasa da wannan ikon ba. Yaron da ke shan maganin sankara, zazzaɓin da wani zai kora da shayi shi yana iya kashe shi kafin rana ta faɗi. Sau nawa muka ga kin ɗora bayan hannu a goshin yaron da ke ta wasa lafiya lau, kin ce a kawo allura yanzu yanzu, a auna kuma a tarar kin riga ma'auni sani? Ƙananan likitoci kan zo da girman kai a watan farko, a wata na uku sai ka gan su suna bin ki a baya da biro.

Ba ki taɓa yi wa yaro ƙarya ba. Idan za a soka allurar baya, ba kya cewa ba zafi. Cewa kike, "Za ta yi zafi, 'yata, zafi sosai. Ki zage ni iya son ranki, amma kada ki motsa." An zage ki da Sifaniyanci, an zage ki da Guaraní, kin ce zagin 'yan San Pedro ya fi na kowa daɗin ji. Waɗanda kuma ba su tashi ba, kin riƙe ranar haihuwar kowane ɗayansu a ka. Akwai uwar da ta gaya mini a maƙabarta cewa shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ɗanta, kowa ya manta har mijinta, amma duk ranar tara ga Maris sai wayarta ta yi ƙara.

Sai dai abin da za a fi tunawa da ke a kansa ba a cikin asibiti kika yi shi ba. A ranakun Asabar kika yi shi, a tsakar gidajen mutane.

Duk wanda ya yi aiki a sashenmu ya san kuskuren iyayenmu na karkara, kuma kuskure ne na ƙauna. Bayan wata biyu ko uku na magani, yaro yakan miƙe. Kumatu su ciko, ya nemi chipa, burodin rogon nan namu, ya yi tsere a baranda. Uba ya duba ya ga ɗansa ya warke, ga gona tana jira, ga sauran yara an bar wa kaka, ga likitoci suna cewa saura shekara biyu na allurar da ke sa yaro amai. Sai a nemi izinin kwana uku a gida, a tafi, shi ke nan. Ciwon kuwa yana nan kwance a ɓargo. Bayan 'yan watanni a dawo da yaro a kafaɗa, lokacin da magani ya daina jin kira.

Asibiti yakan buga waya sau uku, ya rubuta a takarda cewa iyaye sun janye. Ke kuwa bas kike hawa.

Makaminki ba wa'azi ba ne, ba barazana ba ce. Tereré ne, jiƙon ganyen nan namu da ake sha da ruwan sanyi a ƙoƙon ƙaho. Ko yaron goye ya san ƙa'idarsa: mai gida ne ke zuba ruwan sanyi a ƙaho ya miƙa, ƙaho ya zagaya, baƙo ba ya cewa na gode sai ya ƙoshi, mai gida kuma ba ya tsallake baƙon da bai gode ba, balle ya tashi ya bar shi. Abin kunya ne da maƙwabta za su yi shekara suna ba da labari. Sai ki shiga gida ki gaisa, ki zauna, ki karɓi ƙaho, ki ƙi godiya.

Ni shaida ne, domin a gidanmu aka yi. Ina da shekara takwas, da sankarar jini, mahaifina Don Isabelino ya ɗauke ni daga gadonku ya mayar da ni ƙauyenmu kusa da Ybycuí. Kika iso ƙarfe tara na safe, kika zauna a gindin mangwaro. Kika yi hirar auduga, da ta ruwan sama, da ta ƙwallo. Sunana ko sau ɗaya bai fito daga bakinki ba. Tulu ɗaya ya ƙare, na biyu ya ƙare. Ƙanƙara ta narke. Ganye ya salance aka sake, ya kuma salancewa aka aika maƙwabta neman wani. Sau biyu kika zagaya bayan gida, kika dawo kujerarki kika miƙa hannu. Da rana ta karkata mahaifina ya kasa daurewa.

"Licenciada, ke wai ba kya ƙoshi ne?"

"Ƙishina na shekara biyu ne, Don Isabelino. Zuba."

Ya zuba. Ya dube ni ina leƙe ta bayan ƙofa, ya dubi mahaifiyata, ya ce, "Haɗa masa kaya, kafin matar nan ta shanye mana rijiya." Sai da aka ɗaure jakata kika kurɓi na ƙarshe, kika miƙa masa ƙahon da hannu biyu, kika ce, "Na gode." Yau shekaruna ashirin da biyar. Duk wata kalmar banza da na taɓa furtawa tun daga ranar, albarkacin zaman nan naki na furta ta.

Yara nawa kika dawo da su ta wannan hanya, ba wanda ya sani, domin kin hana a ƙirga. Abin da muka sani shi ne ba ki taɓa dawowa hannu rabbana ba, sai sau ɗaya, kwana huɗu kafin rasuwarki.

Nidia Cañete shekararta shida. Ta amsa magani yadda ake so, har likita ya ce tana cikin waɗanda ake sa ran za su tsira in an kai ƙarshe. A ƙarshen watan Agusta mahaifinta, Don Telesforo, ya nemi izinin kwana uku. Ba su dawo ba. Ranar Asabar, goma sha huɗu ga wata, kika tafi ƙauyensu can bayan Santaní, kika dawo ke kaɗai. Da na tambaye ki ranar Litinin, ko kallona ba ki yi ba, kika ce, "Ban gama ba, ɗana. Asabar zan koma." Kowane mako da ya wuce ba magani, ciwon yana samun wurin miƙe ƙafa, kuma ke kin fi kowa sanin haka.

Laraba kika faɗi. Alhamis muka binne ki. Juma'a Zunilda ta je kwashe farar rigarki daga ƙusa, ta tarar da 'yar takarda a aljihu, an rubuta kalma biyu: Asabar, Cañete. Muka tsaya cirko cirko muna kallon takardar. Masu jinya duk suna da aiki. Ni ne ba ni da makaranta ran Asabar.

Ña Fulge, ki yi mini afuwa, na tafi da jawabi. A bas na tsara shi, awa uku cur, mai gabatarwa da hujjoji bakwai da kammalawa. Na ƙara awa guda a bayan babur kan jar ƙasa ina maimaita shi. Da na isa, abu na farko da na gani Nidia ce tana korar agwagi da kara, gashi ya fara tsirowa kamar na ɗan tsako. Ta rugo ta rungume ƙafata tana ihun Farfesa. Wallahi da ni ne ubanta, ni ma da na ce ta warke.

Don Telesforo ya fito daga gonar rogo, doguwar adda a hannu, mutum ne marar yawan magana. Ya ba ni kujera. Matarsa Ña Dominga ta kawo tulu da ƙaho, ta koma bakin murhu inda take jin komai. Ya zuba ya sha na farko, ya zuba ya miƙo mini. Na kurɓa. Sai na ji bakina, wannan bakin da ya saba da ladabin birni da gaisuwar ofis, ya ce, "Na gode ƙwarai da gaske, ranka ya daɗe."

A ƙaho na farko.

Ya karɓi abinsa, ya ɗaga gira kaɗan, ya ci gaba da zubawa yana sha shi kaɗai. Na kori kaina da bakina tun ban fara ba. Duk da haka na miƙe na yi jawabin, tun daga gabatarwa. Na kai hujja ta huɗu ya ɗaga hannu.

"Malam, duk wannan na ji shi a Asunción, a bakin waɗanda suka fi ka furfura. Dubi yarinya. Wata uku kuna zuba mata abin da ko kare ba zai sha ba, tana amai tana kiran sunana, ni kuma ina riƙe ta ana soka mata allura a baya. Yanzu tana ci tana gudu. Ka ce in mayar da ita?"

Na koma na zauna.

Sai ya ce, "Ina ita mai ƙishin? Ta aiko yaro ne don ta gaji?"

A nan ne na faɗa, karo na farko da bakina, ba ado ba kwalliya. "Ta rasu, Don Telesforo. Ranar Laraba."

Wani abu ya faɗi a bakin murhu. Shi kuwa ya dubi ƙahon da ke hannunsa. Daga nan ya tsiyaye ruwan da ke ciki a ƙasa, ya miƙe, ya ɗauki addarsa, ya ce, "Mai babur ba ya wuce ƙarfe biyu. Ka gaida gida." Ya koma gona.

Na dawo ni kaɗai. Abin da na yi a kujerar baya ta bas ɗin nan ba zan rubuta shi ba. Na san dai kin bar mini aiki ɗaya tak a duniya, na lalata shi da kalma biyu.

Ranar Litinin da hantsi ina makaranta, na ji sashe ya yi tsit. Na leƙo. Don Telesforo ne tsaye a baranda, da rigar zuwa coci, hula a hannu ɗaya, flas da ƙaho a hammata. Ña Dominga tana bayansa riƙe da ƙullin kaya. Nidia tuni ta wuce ciki tana neman gadonta. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Kada ka fara. Ba don kai na zo ba, surutunka har kajina sai da ya hana ƙwai." Ya gyara riƙon flas ɗin. "Awa huɗu ta yi a gidana. Sai aka yi mata waya wai wani yaro yana gargara, uwarsa tana kiran sunanta. Ta miƙe ta ajiye mini ƙaho a hannu ta ce, 'Ka riƙe mini wurina.' Ta fita da gudu, babbar mace kamarta. Ba ta ce na gode ba, Malam. Kwana biyu ina jiran in ji na huta da ita, na kasa. A gidanmu ba a tashi a bar baƙo."

Ya tambayi inda kika faɗi. Zunilda ta nuna masa. Ya tsaya a wurin ya yi alamar gicciye, sannan ya juya ga likita ya ce, "Shekara biyu ta ce, ko? To ku fara ƙirgawa."

Mako uku Nidia ta yi ba magani. Jiya Talata aka ɗebi ɓargonta. Gobe Alhamis sakamako zai fito, a san ko ciwon ya farka ko yana nan a kwance. Likita ya ƙi ya yi mana alkawari, kuma na san da ke ce ma ba za ki yi ba. Shekara ashirin da shida ke ce mai shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki zaunar da iyaye, ki gaya musu abin da takarda ta ce, mai daɗi ko marar daɗi. Gobe wani ne zai shiga. Har yanzu ba mu san ko wane ne ba, domin duk wanda aka kalla sai ya sunkuyar da kai.

Yau kwana bakwai. Ban gane ba har yanzu, Ña Fulge. Matar da ke gane zazzaɓi a jikin ɗan wani tun ma'auni bai gane ba, ta yaya ba ki ji taki zuciyar ba? Ko kin ji kika ce sai bayan Asabar? Mu kuma da muke kewaye da ke kullum, da takardun shaidarmu da na'urorinmu, ina idanunmu suke? Ba wanda ya taɓa cewa ki zauna a auna ki. Mun ɗauka ke ba irin masu faɗuwa ba ce.

Ya Ubangiji, Kai Ka ba mu ita, Kai Ka karɓa, ba mu da ta cewa ko da yake zukatanmu cike suke da tambaya. Ka ji ƙan baiwarKa Fulgencia. Ka gafarta mata kurakuranta, har da faɗan da ta yi wa mai shara, wanda tun ranar bai daina kuka ba. Ka ba ta hutawar da ba ta taɓa ba kanta ba, Ka haskaka makwancinta, Ka sada ta da yaran da suka riga ta, waɗanda ta riƙe hannuwansu har ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Don Eleuterio, wanda ya yi shekaru yana cin abincin Asabar shi kaɗai bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanki Griselda da Marlene, waɗanda suka raba uwa da ɗaruruwanmu ba a nemi izininsu ba. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Ina kuma miƙa ta ga ma'aikatan sashenmu, da iyaye, da duk wanda aka taɓa ɗaure wa jaka saboda zamanki a gidansu. Addu'ar kwana tara tana ci gaba a gidanki kowace yamma da ƙarfe biyar, ƙofa a buɗe take.

Wanda kuma ya karanta wannan, in ya yi mata addu'a, ya ƙara da sunan Nidia Cañete, gado na huɗu. Allah Ka sa ba mu makara ba. Amin.